Da Safe Bugu Ɗaya, Da Rana Sai Turi: Ciwon Tsohuwar Mota Idan Ta Ɗau Zafi



Yau za mu ɗan ajiye maganar farashin bijimi da ta takardun duwan, mu taɓa wani ciwo da ke ci wa da yawa daga cikinmu tuwo a ƙwarya. Da asuba ka murɗa makulli, bugu ɗaya mota ta tashi kamar sabuwa. Ka yi tafiyar awa 2 ko 3, ka tsaya a shinge don nuna takardu, ko ka sauka shan ruwa, ka kashe ta kamar minti 10. Ka dawo ka murɗa, sai ka ji "gurr... gurr...", inji na juyawa da ƙyar kamar tsohon sa na nishi. Ka bar ta awa guda ta huce, ta tashi kamar ba ita ba. Wasu har sun fara cewa motar aljanu gare ta. To, babu aljani a ciki, dalili ne ke akwai, kuma ana gane shi.

Ga mutumin gari, wannan ɗan ɓacin rai ne kawai. Ga falke kuwa asara ce. Kasuwar Maigatari ranar Alhamis take ci, ta Fataskum ranar Laraba, ta Illela ranar Lahadi. Wanda ya iso bayan la'asar ya tarar an zaɓe na kirki, sai ya jira wani mako. Ga kuɗi a jikinka, ga rana na faɗuwa, ga ka a tsakiyar daji. In kuwa babbar mota ce cike da dabbobi, ka san abin da tsayuwar awa 2 cikin ranar bazara ke yi musu: ƙishi, gajiya, ɗaya ta durƙusa sauran su tattake ta.

Me ya sa muke riƙe da su har yau

Peugeot 404 ta fito a 1960, 504 kuma a 1968. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, kuma sai da aka shiga shekarun 2000 sannan aka daina yin 504 a can. Shi ya sa ta cika hanyoyinmu, daga Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya, daga Ƙonni zuwa Sakkwato, daga Damagaram zuwa Daura ta Matamai. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, kayan Faransa suka yi tsada, mutane suka ƙara riƙe tsofaffin motocinsu, suna neman kayan gyara a Kano, musamman Ƙofar Ruwa. Mota ce da ke jure burji da rairayi, kuma kowane bakanike na ƙauye ya san cikinta. Amma motar da ta haura shekara 30, wayoyinta ma sun haura shekara 30. A nan yawancin matsalar take.

Tun da sayayyarmu ta haɗa ƙasashe biyu, bari mu daidaita suna. Abin da ke juya inji in an murɗa makulli, mu a nan demarer muke ce masa, a Najeriya kuwa kik. Buji shi ne fulogi, bobin shi ne koyil, sharbon shi ne burushi, bag shi ne bushin. Mu riƙe wannan don kada a saya mana abin da ba shi muke nema ba.

Yadda na sayi batir a banza

Ni kaina na taɓa faɗawa. Wata bazara muna kan hanyar Maigatari da 504 akori-kura ta maigidana, muka tsaya a kan iyaka aka duba takardu, aka sallame mu ba da wata wahala ba. Da muka koma mota, ta ce ba ta san zancen ba. Yara suka tura mu, muka isa. Ran nan na ce wa maigida, "Alhaji, batir ɗin nan ya gama aiki." Ya ƙirga kuɗi ya ba ni, muka sa sabo fil. Mako na zagayowa, a wuri ɗaya, ta sake yi mana irin ta.

Daga baya muka kai ta wajen wani dattijo mai gyaran wutar mota. Bai taɓa komai ba, sai ya ce a je a zaga gari da ita har ta yi zafi sosai. Da aka dawo aka kashe, ya bari minti 10, sannan ya ɗauko waya mai kauri, ya maƙala baki ɗaya a ƙafar batir mai alamar ragi, ɗaya bakin a jikin inji. Ya ce, "Yaro, murɗa." Bugu ɗaya ta tashi. Na ce, "Baba, me ka yi mata?" Ya kai hannu ya jawo wayar mas, wato wadda ta haɗa inji da jikin mota. Rabin zarenta ya tsinke, sauran ya yi kore da tsatsa. Kuɗin sabuwa bai kai na kwanon abinci biyu a tasha ba. Tsohon batir ɗin da muka yar kuwa lafiyarsa ƙalau.

Abin da zafi ke yi

Abu na farko da ya kamata a gane: inji ya fi zafi bayan an kashe shi. Muddin yana tafiya, fanka na kaɗawa, ruwa na zagayawa, iska na shiga. Da an kashe, duk wannan ya tsaya, zafin ƙarfe ya taru ƙarƙashin bonet, ya bi jikin inji ya shiga demarer da wayoyinsa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, babu wata iska mai sanyi da za ta kwashe shi. Shi ya sa tsayuwar minti 10 zuwa 20 ta fi muni, ta minti 1 ko ta awa 2 kuwa ba ka jin komai.

Na biyu, waya ta jan ƙarfe tana ƙara taurin kai ga wuta in ta yi zafi. Kowane digiri ɗaya yana ƙara mata kusan kashi 0.4 cikin 100. Daga digiri 25 na safiya zuwa digiri 100, wannan ya kai wajen kashi 30 cikin 100. Kamar burtali ne da gonaki suka cinye: garken bai ragu ba, amma hanya ta ƙuntata.

Na uku, demarer mayunwaci ne. Fitilun gaba biyu ba su kai ampiya 10 ba, amma demarer na ƙaramar motar fetur yana jan 100 zuwa 200, na gazuwal ya fi haka nesa. Don haka ɗan dattin da ba zai hana fitila haske ko rediyo magana ba, yana iya cinye volt 1 ko 2 daga cikin 12 lokacin da demarer ke ja. Da sanyin safiya akwai sauran ƙarfin da zai rufe wannan giɓi. Da rana, zafi ya ci nasa, datti ya ci nasa, abin da ya rage bai isa ba.

Batir kuwa, a gaskiya sanyi ne ke rage masa ƙarfi, zafi rage masa kwana yake yi, ta hanyar ƙafar da ruwansa da cinye farantansa. Saboda haka motar da ke tashi da safe ta ƙi da rana, kada ka yi saurin ɗora wa batir laifi.

Fara da kunne

Kafin ka kwance ko ƙusa ɗaya, saurara. Ciwon iri uku ne, kuma maganinsu daban.

In inji na juyawa da sauri kamar kullum amma ya ƙi kamawa, wannan ba maganar yau ba ce. Nemi fetur da ya tafasa a kabireta ko a bututu, ko bobin da ya gaji.

In ka ji "ƙas" sau ɗaya sannan shiru, kunna fitilun gaba ka sake murɗawa. Fitila ba ta rage haske ba? To wuta ba ta shiga demarer. Laifin yana ga makulli, ko siririyar wayar da ta taso daga shi, ko ɗan gwangwanin da ke bisa demarer, wanda masu gyara ke kira solenoyid. Bakinsa na ciki yana ƙonewa da tsufa.

In kuwa yana juyawa a hankali, fitila ta yi ja kamar za ta mutu, to shi ne namu. Bi waɗannan matakai bi da bi, daga mai araha zuwa mai tsada. Kuma dukkan gwaji a yi shi mota na da zafi. Wanda ya kai wa bakanike mota da sassafe, ya kai masa mai lafiya.

Mataki na 1: batir da caji

Ƙaramar mitar awon wuta ba ta da tsada, ya kamata kowace mota ta ƙungiya ta samu ɗaya. Batir da ya huta, in ya cika, yana nuna volt 12.6. In 12.2 ya nuna, rabi gare shi. Lokacin da demarer ke juyawa, kada ya faɗi ƙasa da 9.6. In inji ya tashi, mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4. In ƙasa da haka ne, mota ba ta caji yadda ya kamata: duba bel ɗin fanka ko ya saki, sannan a duba alternater. Buɗe marufan batir ka ga ruwa ya rufe faranti. In ya ragu, a ƙara ruwan batir tatacce, ba ruwan rijiya ba, ba kuma asid ba. Sannan a ɗaure batir da kyau, don girgizar burji tana karya faranti.

Mataki na 2: wayoyi da mas

Nan ne aka fi kama ɓarawo. Cire kawunan batir, ka fara da na ragi. Farin garin nan da koren da ke taruwa, a wanke su da ruwan zafi da 'yar kanwa, amma a kula kada ruwan kanwa ya shiga cikin batir. A kankare har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tam, sannan a shafa giris a bisa. Al'adar nan ta buga ƙusa ko cusa ƙyallen gwangwani a kan da ya yi sako-sako, a bar ta, a sayi sabon kai.

Bi babbar waya har bakin demarer, ka bi ta mas har inda ta kama jikin mota da jikin inji. Lanƙwasa su a hannu. Wadda ta kumbura ko ta yi tauri kusa da baki, ta ruɓe daga ciki ko da robarta na ƙyalli. Ga gwajin da ba ya bukatar mita: bayan ka murɗa na daƙiƙa 5, taɓa kowace mahaɗa a hankali. Wadda ta fi sauran zafi, ita ce. Akwai kuma gwajin da dattijon nan ya yi mana. Wata alama: in wayar totur ko ta cok tana zafi ko tana narkewa, wuta ce ta rasa hanyar mas ta bi ta nan.

Mai mita kuwa, ya cire siririyar wayar bobin don kada mota ta tashi, ya sa giya a firi, ya ja burkin hannu. Baki ɗaya na mita a kan dalmar batir mai alamar ƙari, ɗayan a babbar ƙusar demarer, a murɗa. In ya haura rabin volt, wayar na cin wuta. A maimaita daga dalmar ragi zuwa jikin demarer. Nan bai kamata ya wuce kamar 0.3 ba.

In za ka sayi waya, kada kaurin roba ya ruɗe ka, dubi zaren da ke ciki. Akwai wadda alminiyon ce aka shafa mata jan ƙarfe. Alminiyon kashi 60 cikin 100 kawai yake ɗauka na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa zai ɗauka. Kankare zare ɗaya da wuƙa, in fari ya bayyana, ajiye musu abinsu.

Mataki na 3: demarer

In batir da wayoyi sun fita, sai a sauke demarer. A cikinsa akwai zuciya mai juyawa, tana zaune a kan bag biyu ko uku. In bag sun cinye, zuciyar sai ta karkace ta riƙa gogar bango. Da sanyi akwai ɗan sarari, in ƙarfe ya yi zafi ya buɗe, sararin ya tafi, sai ta riƙa ja da ƙyar tana shan wuta fiye da ƙima. In an buɗe za a ga sawun guga a jikinta. Sharbon ma in sun gajarce, ko sifirin ɗin da ke danna su ya yi laushi, ba su kama wuta sosai.

A lura: demarer da aka gwada a ƙasa, aka sa masa wuta ya yi "fiii", wannan ba shaida ba ce. Ba kaya a kansa, kuma ya huce. Ka ce wa mai gyara ya buɗe a gabanka, ya sauya bag da sharbon, ya duba bakin solenoyid. Sau da yawa wannan ya isa, ba sai an sayi wani ba. In a motarka bututun hayaƙi ya bi kusa da demarer, duba ko farantin da ke kare shi daga zafi yana nan, don masu gyara kan cire shi su manta. In babu, maƙeri zai yanka maka wani, a bar ɗan sarari tsakani don iska. Sa rele a kan siririyar wayar makulli yana taimakon tsohuwar mota ƙwarai wajen ciwon "ƙas".

Mataki na 4: abans ya yi yawa

Wannan na motocin fetur ne. Wasu direbobi kan sa a murɗa delko da kunne don mota ta ƙara ja. In an wuce da shi, buji na ba da wuta tun fistin bai kai sama ba. Inji mai zafi yana kama wuta da wuri, sai ya tura fistin baya, ya yi kokawa da demarer. Alamarsa, juyin ba ya tafiya daidai: ya juya, ya cije, ya sake juyawa. Sau da yawa irin wannan mota tana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani in tana hawan tudu da kaya. Gwajin kyauta ne: cire siririyar wayar bobin, ka murɗa. In juyin ya saki ya yi sauri, abans ne. A mayar da shi kan alamarsa da fitilar awo, a kuma duba ko ƙarafan cikin delko sun maƙale.

Mataki na 5: inji kansa

Wannan shi ne wanda ba a so. Injin da aka sabunta kwanan nan, in an matse fistin, zobba ko metal fiye da ƙa'ida, yana ɗaurewa in ya yi zafi. Haka wanda ke tafasa kullum, ko wanda baƙin mansa ya yi ƙasa. Cire buji duka, ka sa sifana a babbar ƙusar gaban inji, ka juya da hannu yana da zafi, ka kwatanta da yadda yake da sanyi. In bambancin ya yi yawa, kada a ɗora wa demarer laifi. In ruwa ya fito daga ramin buji, ko lagireto na shan ruwa ba a ga inda yake zuba ba, ko baƙin mai ya koma kamar kunu, gasket ɗin kan inji ya ƙone. Kada ka ƙara murɗawa, don ruwa ba ya matsuwa, yana iya lanƙwasa sandar fistin.

Masu gazuwal da manyan motoci

Injin gazuwal ba shi da buji mai tartsatsi, matsi ne ke kunna shi, don haka yana bukatar juyi mai sauri. In famfon gazuwal ya tsufa, ya fi wahalar tashi da zafi, kuma juyi a hankali na ƙara masa ciwo. Kafin a kwance famfo, wanda gyaransa ke da tsada, a fara tabbatar da wayoyi da demarer. Manyan motoci da yawa volt 24 gare su, wato batir biyu a jere. In ɗaya ya mutu, a sauya su tare. A kuma duba gajeriyar wayar da ta haɗa su. Sannan a hana yaran mota jan wutar rediyo ko cajin salula daga batir ɗaya, don hakan na sa ɗaya ya rame ɗaya ya ƙone.

In ta same ka a hanya

Buɗe bonet, ka bar iska ta shiga minti 20 ko 30. Kada ka murɗa fiye da daƙiƙa 10 a jere, ka huta minti 1 tsakani, in ba haka ba kai da kanka za ka ƙone demarer. Jiƙa tsumma ka ɗora a jikin demarer yana taimakawa, amma kada ka kwara ruwa a kan inji ko bututun hayaƙi, ƙarfe mai zafi na tsagewa. Kada ka buɗe murfin lagireto yana tafasa. Ɗan ƙwanƙwasa demarer da sifana kan tashe shi in sharbon ne, sai dai sababbin nan masu maganaɗisu a ciki suna fashewa da duka. Ba a shan taba kusa da batir, iskar da yake fitarwa tana kama wuta. Wanda zai haɗa wuta da sukuddireba a bakin demarer, ya tabbata giya na firi, an sha taka mutane ta haka. Turi a giya ta 2 ya halatta ga ƙaramar mota. Babbar mota mai dabbobi kuwa, fizgar na kayar da su, a nemi batir na aro ya fi.

Mun san da yawa sun gwammace su bar inji na tafiya a kowane shinge. Dabara ce ta yini ɗaya, amma mai take ci, kuma ran da ya mutu da kansa a cikin rairayi, ba mai tura ka. Cikin akwatin mota a riƙa ajiye waya mai kauri guda biyu, kan batir na ajiya, sifana mai lamba 10 da 13, da 'yar takardar gurza.

Shawararmu ga 'yan ƙungiya ita ce, tun kafin bazara ta kama, kowa ya ware rana ɗaya da ba ta kasuwa ba, ya zafafa motarsa, ya kashe, ya jira minti 15, ya murɗa a ƙofar gareji. Gara ta ƙi tashi a can da ta ƙi a tsakanin Dungas da Maigatari. Wanda ya gamu da irin wannan ciwo ya gano wani dalili da ba mu ambata ba, ya sanar da sakataren reshensa don sauran 'yan'uwa su amfana.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.